Mutum-mutumi mai shara da wanke-wanke: abin da talabijin ta yi alkawari da abin da ya iso gida

A ƙarshen watan Oktoban 2025 kamfanin 1X, wanda aka kafa a ƙasar Nowe kafin ya mayar da hedikwatarsa jihar Kalifoniya ta Amurka, ya fara karɓar kuɗin kafin alƙalami daga masu son mallakar wani mutum-mutumi mai suna NEO, wanda aka ce zai riƙa ninke tufafi da jera kwanuka da kintsa ɗaki. An sa masa farashin dala 20,000, ko kuma haya a kan dala 499 duk wata. Bidiyonsa ya zaga wayoyi, ya kuma shiga hirar gida da ta majalisa, inda wasu ke cewa abin da suke gani a finafinai tun suna yara ne ya tabbata, wasu kuma, musamman waɗanda wanke-wanke ke jira safe da yamma, ke tambayar yaushe zai iso.

Ba a cika wata biyu ba sai ga wani labarin da ya yi hannun riga da na farko. A tsakiyar Disamba kamfanin iRobot, mai ƙera na'urar sharar nan Roomba wadda aka sayar da fiye da miliyan 50 a duniya, ya garzaya kotu a Amurka neman kariya saboda bashi ya yi masa katutu, aka kuma tsara cewa kamfanin Picea na ƙasar Sin, wanda dama shi ke haɗa masa kayan kuma yake bin sa bashi, zai karɓe shi. Mai karatu na da hujjar rikicewa. Idan zamanin injin da ke aikin gida ya zo, me ya kayar da kamfanin da ya fi kowa daɗewa a sana'ar? Idan kuma bai zo ba, mene ne ake nunawa a bidiyon?

## Kalmomi uku da ake cakuɗawa

Kalmar mutum-mutumi a bakin mutane tana ɗauke da abubuwa uku da ba ɗaya ba ne, kuma yawancin ruɗanin daga nan yake tasowa. Na farko shi ne inji mai aiki guda, kamar injin wanki ko injin niƙa, wanda ba ya gani ba ya yanke shawara, sai dai a zuba masa a kunna shi ya maimaita motsi ɗaya har a kashe. Na biyu shi ne na'ura mai sarrafa kanta, wadda ke da kyamara ko wasu ma'aunai da take gane inda take, ta zaɓi abin da za ta yi ba tare da an riƙe ta ba. Roomba tana cikin wannan rukuni, ko da yake iyakar saninta shi ne zagaya ɗaki tana zuƙe ƙura. Na uku shi ne na'urar da ake tuƙawa daga nesa: jikin ƙarfe ne, amma ido da hankali na wani ɗan Adam ne da ke zaune a wani wuri. Siffar mutum, wato kai da hannu biyu da ƙafa biyu, ba ta nuna rukunin da na'ura take ciki. Ana iya samun mai siffar mutum da ake tuƙa shi kamar mota, a kuma sami mai siffar faifai da ke sarrafa kansa.

Shi kuwa aikin gida, a wurin masana tattalin arziki, ya haɗa da girki da wanki da shara da ɗebo ruwa da itace da renon yara da jinyar marasa lafiya da tsofaffi, duk abin da ake yi cikin gida ba tare da albashi ba. Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa ana kashe awa biliyan 16.4 kowace rana a wannan aiki, kuma kashi 76 cikin 100 na waɗannan awoyi mata ne ke yin su. A matsakaici mace na yin awa 4 da minti 25 a rana, namiji kuma awa 1 da minti 23. Saboda haka maganar injin aikin gida, ko da an faro ta da raha, magana ce a kan ɗaya daga cikin manyan ayyukan da duniya ke tsaye a kansu.

## Yadda talabijin ta sassaƙa mafarkin

Kalmar da Turawa ke kiran mutum-mutumi da ita, wato robot, ta fito ne daga wani wasan kwaikwayo na marubucin ƙasar Cek, Karel Čapek, mai suna R.U.R., wanda aka buga a 1920, kuma tushenta a harshensu yana nufin aikin tilas irin wanda talaka ke yi wa mai ƙasa. Gidan talabijin na BBC ya nuna wani yanki na wasan a watan Fabrairun 1938, kuma shi ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko da aka taɓa nunawa a talabijin. Ke nan tun ranar farko batun bawan ƙarfe ne aka buɗe fagen da shi.

Amma hoton da ya zauna a zukatan mutane ya zo ne a watan Satumban 1962, lokacin da tashar ABC ta Amurka ta fara nuna wani shirin zane mai suna The Jetsons, labarin wani iyali da ke rayuwa shekara 100 a gaba. A kashi na farko uwargida ta gaji da aikin gida, alhali aikin nata bai wuce danna maɓalli ba, sai ta je ta ɗauko hayar wata 'yar aiki ta ƙarfe mai suna Rosie, tsohuwar ƙira, domin kuɗinsu bai kai na sabuwa ba. An yi wa Rosie ɗamarar girki da 'yar hula irin ta masu aikatau a gidajen Turawa. Sau biyu kacal ta fito cikin kashi 24 na zubin farko, amma har yau idan injiniya a Amurka zai bayyana abin da yake son ƙerawa, sunanta yake kira. Dalilin farin jininta yana da alaƙa da lokacin. Kafin yaƙin duniya na biyu gidajen masu matsakaicin hali da yawa a Amurka da Birtaniya suna da masu aikatau, bayan yaƙin kuwa waɗannan mata suka sami aiki a masana'antu da ofisoshi da shaguna, sana'ar ta ja baya ƙwarai. Shirin ya mayar wa mai kallo 'yar aikin da ya rasa, wadda ba ta neman ƙarin albashi kuma ba ta tafiya ganin gida.

Akwai mafarki na biyu da ya bi wata hanya dabam. A zubin shirin talabijin na Star Trek da aka fara a 1987 babu mai girki babu mai wanke-wanke, domin akwai wata na'ura a jikin bango da mutum zai faɗa mata abin da yake so, abinci ya bayyana da kwanonsa, idan ya gama ya mayar da kwanon ya ɓace. A nan ba a nemo wa aikin bawa ba, aikin ne aka shafe gaba ɗaya. Daga baya shirye-shiryen suka fara duban abin ta fuskar da ba ta da daɗi. A shirin Humans da tashar Channel 4 ta Birtaniya ta fara a 2015, wanda aka ɗauko daga wani shirin ƙasar Suwidin na 2012, maigida ya sayo mutum-mutumi mai siffar mace saboda matarsa na yawan tafiyar aiki, ita kuwa da ta dawo ta tarar an gyara gida an karanta wa 'yarta labarin dare, sai abin ya zame mata kamar an yi mata kishiya ba da saninta ba. Tambayoyin amana da sirri da matsayin uwa a gidanta, waɗanda shirin 1962 bai taɓo ba, su ne jigon wannan.

Abin lura shi ne duniyar gaske ba ta bi ko ɗaya daga cikin mafarkan biyu ba. Injinan da suka rage wa mutane wahala ba su da fuska ba su da hannu: akwati ne da aka jona da bututun ruwa da wayar lantarki.

## Dalilin da ya sa ninke riga ya fi dara wuya

A 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya na wasan darar Turawa, Garry Kasparov. Shekara 13 bayan haka, a 2010, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka yi murnar samun wani mutum-mutumi da ya iya ɗaukar tawul daga tsibi ya ninke shi, kuma kowane tawul ɗaya yana cin kusan minti 25. Wannan saɓani ba sabo ba ne a wurin masana. Masanin mutum-mutumi Hans Moravec ya rubuta tun 1988 cewa abu ne mai sauƙi a sa kwamfuta ta yi abin da babban mutum ke yi a jarrabawar basira ko wasan dara, amma da wuya a ba ta ƙwarewar ɗan shekara ɗaya wajen gani da motsi. Bayaninsa shi ne gani da kamawa da tafiya tsofaffin baiwa ne da suka ratsa jikin ɗan Adam har ba ya jin yana yin lissafi, lissafin boko kuwa sabon abu ne da muke yi da wahala, shi ya sa muke zaton shi ne mai wuyar.

A dubi abin da ke faruwa idan mace ta kwaso shanya da yamma. Ta ɗaga tsumma ɗaya daga kwando, kafin ma ta buɗe shi yatsunta sun gaya mata atamfa ce ko shadda ko rigar makarantar yaro, sun kuma gaya mata ko ya bushe ko da sauran danshi a gefen da ya naɗe a igiya. Ta kaɗa shi sau ɗaya, ta kama kafaɗu biyu, ta maƙale wuyan da haɓarta, ta ninke, duk tana magana da wani. Ga na'ura kuwa, tufa abu ne da ba shi da tsayayyar siffa. Kofi kofi ne ta kowace fuska aka kalle shi, amma riga ɗaya idan aka jefa ta ƙasa sau dubu za ta kwanta kwanciya dubu dabam-dabam, hannunta ɗaya a ciki ɗaya a waje, kuma da zarar an taɓa ta siffar ta sake. Dole na'urar ta gano inda kusurwa take cikin ƙudundune, ta kama shafi ɗaya ba biyu ba, ta ja daidai gwargwado. Hannun mutum yana da ƙashi 27 da jijiyoyin jin taɓi kusan 17,000 a tafi da yatsu. Babu hannun ƙarfen da ya kusanci wannan, kuma waɗanda suka ɗan matso suna da tsada da saurin lalacewa.

Haka abin yake a madafa. Mai tuƙa tuwo da nauyin muciya a hannunta take sanin ko a ƙara gari, mai kankare ƙanzo da ƙarar cokali take sanin ta kai gindin tukunya, mai tsintar shinkafa da ɗan yatsa take rabe tsakuwa da ƙwaya. Babu ɗayan waɗannan da aka taɓa rubutawa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke amsa tambaya sun koyi magana ne daga biliyoyin shafukan da mutane suka zuba a intanet, amma babu rumbun da aka tara yadda hannu ke ji idan ya matse soso. Wannan gibin bayanai shi ne babbar matsalar masu ƙera mutum-mutumin gida a yau.

Sannan gida ba masana'anta ba ne. A masana'antar mota inji yana ɗaure wuri ɗaya, kayan suna zuwa masa a jere a kan awo ɗaya, an kuma kewaye shi da shinge don kada mutum ya matso. A gida kuwa yaro ya bar takalmi a ƙofa, an ja kujera, ruwa ya zube, kyanwa ta gitta, jariri na rarrafe. Na'urar da ke yin daidai sau 99 cikin 100 ta ci jarrabawa a ɗakin gwaji, amma a gidan da ake ɗaukar kwano sau 100 a rana, ma'anarta fashewar tangaran ɗaya kullum.

Kasuwa ta riga ta gwada wannan darasi. Kamfanin Seven Dreamers na Japan ya shafe shekaru yana ƙera wata na'ura mai girman firji mai suna Laundroid, wadda aikinta kawai ninke tufafi, tana ɗaukar minti 5 zuwa 10 a kan riga ɗaya, aka yi hasashen sayar da ita kusan dala 16,000, kamfanin ya durƙushe a 2019 ba ta shiga kasuwa ba. Roomba, wadda ta fito a 2002 a kan dala 199, ta yi nasara ne saboda ta zaɓi aikin da ba ya bukatar hannu, kuma kuskurensa ba ya fasa komai. Faɗuwar kamfaninta ma ba daga rashin masu saye ba ne. Kamfanonin Sin irin su Roborock da Ecovacs da Dreame sun shigo da irin kayan a farashi mai sauƙi, cinikin da kamfanin Amazon ya so yi na sayen iRobot a kan dala biliyan 1.7 ya wargaje a Janairun 2024 bayan hukumomin Tarayyar Turai sun nuna rashin amincewa, sannan harajin da Amurka ta ɗora wa kayan da ake shigowa da su daga Biyetnam, inda ake haɗa na'urorin, ya ƙara masa nauyi. Sana'ar shara da inji tana nan, hannu kawai ta sauya.

## Mutumin da ke bayan labule

A 1959 Amurka ta kai baje koli birnin Mosko, inda mataimakin shugaban ƙasa Richard Nixon da shugaban Tarayyar Sobiyet Nikita Khrushchev suka yi shahararriyar muhawararsu a gaban wani samfurin madafa. Cikin abubuwan da aka nuna a bajen har da madafar kamfanin Whirlpool mai wata 'yar na'ura da ke fitowa da kanta ta goge ƙasa. Shekaru da yawa bayan haka ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara ta ya bayyana cewa wani mutum ne ke ɓoye a bayan madubi yana tuƙa ta da rediyo.

Dabarar ba ta mutu ba. A Janairun 2024 Elon Musk ya saki bidiyon mutum-mutumin kamfaninsa na Tesla mai suna Optimus yana ninke riga, daga baya ya ƙara bayanin cewa bai kai ga yin hakan da kansa ba tukuna. A bikin da kamfanin ya yi a Oktoban wannan shekara, inda aka ga irin waɗannan na'urori suna miƙa abin sha suna hira da baƙi, rahotanni sun tabbatar da cewa ma'aikata ne ke taimaka musu daga nesa. Shi ma NEO, lokacin da wakiliyar jaridar Wall Street Journal ta je ganinsa, duk aikin da ya yi a gabanta wani ma'aikaci ne sanye da tabarau na musamman ke tuƙa shi, kuma sai da ya ɗauki kusan minti 5 kafin ya jera abu uku a injin wanke kwanuka.

Adalci ne a faɗi cewa 1X bai ɓoye wannan ba. Tsarin da ya sanar shi ne duk aikin da na'urar ba ta iya ba, mai gida zai tsayar da lokaci a manhajar waya, ma'aikacin kamfani ya shiga jikinta daga nesa ya yi aikin, abin da kyamarorinta suka ɗauka kuma ya zama darasin da za a koyar da ita. Shugaban kamfanin, Bernt Børnich, ya fito fili ya ce idan ba su sami bayanan masu saye ba, ba za su iya inganta kayan ba. Kamfanin ya ce mai gida na iya hana na'urar shiga wasu ɗakuna, ana kuma iya dusashe fuskokin mutane. Masu kare tsarin suna ganin babu wata hanyar cike gibin bayanan da ta wuce wannan. Masu suka kuwa suna tuna abin da mujallar MIT Technology Review ta bankaɗo a Disambar 2022, wato yadda hotunan da wasu Roomba na gwaji suka ɗauka cikin gidaje, har da na wata mata a makewayi, suka ɓulla a shafukan sada zumunta ta hannun 'yan ƙwadagon da aka ba aikin tantance hotunan a Benezuwela. Kamfanin iRobot ya ce na'urorin gwaji ne da aka ba mutanen da suka sa hannu a kan yarjejeniya, ba na kasuwa ba, amma hotunan sun riga sun fita. Ga al'ummar da baƙo namiji ba ya wuce zaure sai da izini, wannan batu ba ƙaramin sharaɗi ba ne da za a binne a ƙasan takardar ciniki.

## Shin inji yana rage aikin ma kuwa?

A nan ne masana suka rabu, kuma kowane ɓangare na da hujja mai ƙarfi. Marigayi Hans Rosling, likitan Suwidin da ya shahara da bayanin alƙaluma, ya ba da labari a 2010 yadda injin wanki ya ba mahaifiyarsa lokacin zuwa ɗakin karatu da karanta masa littafi, ya kuma ƙiyasta cewa a lokacin mutum biliyan 2 ne kawai cikin biliyan 7 ke da injin. Masanin tattalin arziki Ha-Joon Chang ya tafi har ga cewa injin wanki ya sauya duniya fiye da intanet, domin shi da ruwan famfo da lantarki ne suka buɗe wa mata ƙofar aikin albashi. Binciken Taryn Dinkelman a karkarar KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu, wanda aka buga a 2011, ya gano cewa kai lantarki ƙauyuka ya ɗaga yawan mata masu aikin yi da kusan maki 9 cikin 100 a shekara biyar, yayin da girki da itace ya ragu.

A ɗaya gefen akwai masaniyar tarihi Ruth Schwartz Cowan, wadda littafinta na 1983 ya nuna cewa a Amurka injina sun fi ɗauke aikin maza da yara, wato faskare da ɗebo ruwa da kai hatsi niƙa, sannan suka tattara abin da ya rage a kan mace ɗaya. Wankin da ake kai wa masu wanki ko a ɗauko mai yi, ya dawo gida tun da ga inji. Ma'aunin tsabta kuma ya tashi: rigar da ake sawa mako guda ta koma ta kwana ɗaya, zanen gado ya koma na mako-mako. Alƙaluman Joann Vanek na 1974 sun nuna matar aure marar aikin waje tana yin kusan awa 52 a mako a shekarun 1920, a shekarun 1960 kuma kusan awa 55, duk da firji da injin wanki da na shara.

Idan aka auna, maganganun biyu ba sa karyata juna. Inji ya cire ciwon baya da tsagewar hannu, wannan ba abin musu ba ne. Amma ko awoyin da ya ceto za su zama hutu ko karatu ko sana'a, ko kuwa za a sake cika su da sabon aiki, wannan ya danganta da abin da mutanen gida ke tsammani da yadda aka raba aikin, kuma babu injin da ke yanke wannan hukunci. Mai karatu a ƙasar Hausa ya san misalin da idonsa. Injin niƙa da na markaɗe sun sauke wa mata dutsen niƙa da rabin aikin turmi, abin da ya fi duk wani mutum-mutumi tasiri a rayuwar miliyoyin gidaje, kuma ba kowane gida ne ya sayi nasa ba: ɗaya ne a unguwa, yara na layi da robobin wake da tattasai, kowa ya biya kaɗan. Duk da haka babu wanda zai ce uwargida ta rasa abin yi, domin sau da yawa lokacin da aka ceto ƙosai da awara na sayarwa ya koma.

## Yaushe, a cewar masu sana'ar

Masu zuba jari suna nuna ci gaban da aka samu tun 2024, lokacin da kamfanoni irin su Physical Intelligence suka nuna na'urori na kwashe wanki suna ninkewa da kansu cikin 'yan mintoci, suna kuma nuna faɗuwar farashi, tun da kamfanin Unitree na Sin ya fitar da mai siffar mutum a kan dala 16,000. Rodney Brooks, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa iRobot a 1990, yana ganin akasin haka. A rubutunsa na Satumban 2025 ya ce koyar da na'ura ta hanyar kallon bidiyo ba zai ba ta ƙwarewar hannu ba muddin ba ta jin taɓi, ya kuma yi gargaɗin cewa na'ura mai tsayin mutum da ke tafiya da ƙafa biyu haɗari ce ga na kusa da ita idan ta faɗi.

Tsakanin su akwai binciken jami'o'in Oxford da Ochanomizu na 2023, inda aka tambayi masana 65 daga Birtaniya da Japan. Matsakaicin hasashensu shi ne cikin shekara 10 injina za su iya ɗauke kashi 39 cikin 100 na lokacin aikin gida, cefane a sama da kashi 59, renon yara na hannu da hannu a ƙasa da kashi 21. Hasashe ne, kuma an yi shi ne a kan gidajen ƙasashe biyu masu arziki.

## Abin da zai taɓa talaka

Ta fuskar saye, lissafin gajere ne. Dala 20,000, idan aka sa dala a kan naira 1,400, naira miliyan 28 ke nan, wato albashin shekara 33 na mai karɓar mafi ƙarancin albashin Najeriya na naira 70,000. Ko da farashin ya faɗi, na'urar an tsara ta ne don gida mai daɓen tayil da wutar da ba ta yankewa da intanet mai ƙarfi da injin wanki da za ta zuba wa kaya. Tsakar gida mai yashi da murhun itace da rijiya ba sa cikin darasin da ake koya mata. Asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2016 cewa mata da 'yan mata a duniya na kashe awa miliyan 200 kowace rana wajen ɗebo ruwa kaɗai, aikin da famfo ke gamawa ba tare da kyamara ko basira ba. A inda gidaje ke jiran mai kurar ruwa da safe, rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da tukunyar gas da injin markaɗe su ne ke da ikon ceto awoyi masu yawa a kan kuɗi kaɗan.

Ta fuskar aikin yi kuwa, masu wanki da guga da masu aikatau a biranenmu ba su ne farkon waɗanda abin zai shafa ba, domin inji yana korar ɗan Adam ne a inda ladan ɗan Adam ya fi kuɗin injin. Inda za a fara ji shi ne ƙasashen da tsofaffi suka yi yawa masu kula da su suka yi kaɗan, irin su Japan, inda kusan kashi 29 cikin 100 na jama'a sun kai shekara 65, sai kuma ƙasashe masu arziki da ke ɗaukar masu aikatau daga Afirka da Asiya. Idan na'urorin suka kai ga wani abin kirki a can, kuɗin da waɗannan ma'aikata ke aikowa gida na cikin abin da zai iya girgiza, ko da yake jinyar tsoho da renon yaro su ne ayyukan da masana suka sa a ƙarshen layi.

Akwai kuma sabon nau'in ƙwadago da ke tasowa a ƙarƙashin sana'ar. A Indiya an riga an sami kamfanonin da ke biyan mutane su ɗaura kyamara a goshi su yi ta ninke tawul, domin a sayar wa masu ƙera mutum-mutumi bidiyon. Tuƙa na'ura daga nesa ma aiki ne da za a iya kai shi duk inda lada ke da araha kuma intanet ke da ƙarfi, kamar yadda aka yi da aikin tantance hotuna a Kenya da Benezuwela. Wannan na iya zama hanyar samu ga matasa, amma tambayoyin nawa ake biya, wa ya mallaki bidiyon, da kuma ko mutanen gidan da aka ɗauka sun yarda, duk suna nan a buɗe.

Ga mai kallon bidiyo a waya, tambayoyi uku sun isa su raba tallar da gaskiya: ko an ƙara wa hoton sauri, ko akwai mai tuƙi daga nesa, da kuma ko gidan da aka nuna na'urar ta taɓa ganinsa kafin ranar. Kamfanin 1X ya ce zai fara kai kayan gidajen Amurka a 2026, sauran ƙasashe kuma daga 2027. Adadin da zai nuna inda aka kwana ba yawan waɗanda aka sayar ba ne, yawan ayyukan da na'urar ta kammala a gidan da ba ta sani ba, ba tare da an kira ma'aikacin kamfani ya shiga jikinta ba.